Kafin a yi wa laftof ɗinka "fomat": mene ne ɓoyayyen sashen da kamfani ya ajiye a cikinta?

Tun da kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, tambaya ɗaya nake ta ji a bakin ɗalibai da ma'aikata a nan Birnin Kebbi. Idan laftof ta rikice, ko ta yi nauyi, ko mutum zai sayar da ita, fomat ake yi mata, ko mayar da ita ake yi yadda ta fito daga kamfani? Wasu sun ɗauka abu ɗaya ne mai suna biyu. Wasu sun ji labarin akwai wani maɓalli da ake dannawa kwamfuta ta wanke kanta da kanta ta koma sabuwa fil, ba tare da an biya kowa ko kwabo ba. Wasu kuma na rantsuwa sun danna maɓallin nan har yatsa ya gaji ba su ga komai ba, don haka a wurinsu zancen ƙanzon kurege ne.

Kowanne a cikinsu ya kama wani gefe na gaskiya. Maɓallin yana nan, kuma abin da yake buɗewa yana nan a kwamfutoci da yawa. Sai dai ba kowace laftof ce ta iso hannunmu da shi ba, kuma ko wadda ta iso da shi, mu da kanmu muke sa a goge shi ba tare da mun san akwai shi ba.

Rumbu ɗaya, ɗakuna da yawa

Yawanci laftof tana da rumbun ajiya guda a cikinta, ko tsohon samfuri mai faifai da ke juyawa, ko sabon samfurin da ake kira SSD. A nan Windows yake zaune, a nan hotunanka da takardunka suke. Rumbun ɗaya ne, amma ana yanka shi sashe-sashe kamar yadda ake raba gida da katanga, masu gyara kan ce fatishan. Sashen da kowa ya sani shi ne C. Wasu suna da D. Akwai kuma sassan da ba a ba su harafi ba, shi ya sa ba ka ganin su idan ka buɗe kwamfutarka. Ɗaya daga cikinsu shi ne wanda muke magana a kai.

Manomin shinkafa a fadamar Argungu ko Suru ba ya zuba duk abin da ya girbe wuri ɗaya. Yakan ware iri ya ɗaure daban, ya ajiye inda hannun yara da na uwargida ba ya kaiwa, don idan an cinye na ci, da wannan za a sake shuka. Haka kamfanonin laftof suka yi. Sun ɗauki hoton kwamfutar gaba ɗaya, wato cikakken kwafin abin da ke cikinta, a ranar da suka gama haɗa ta, da Windows ɗinta, da ƙananan manhajojin da ke tafiyar da sauti da kyamara da Wi-Fi da madannai, waɗanda ake kira direbobi, suka dunƙule suka ɓoye a wannan sashe. An ɓoye shi ne don kada mai kwamfuta ya gan shi ya ce wane ne wannan ke cinye min wuri, ya goge.

Wanda ke son ganin sashen da idonsa, ya danna maɓallin Windows tare da X, ya zaɓi Disk Management. Zai ga rumbun a shimfiɗe kamar taswirar gona, kowane sashe da girmansa, wani an rubuta masa Recovery. A duba kawai a rufe, kada a taɓa komai a wurin.

Akwai wani ruɗani da ya kamata a kawar tun nan. Mutum ya sayi laftof an ce masa 500GB ce, ya duba ya ga 465, sai ya ce ko dai an cuce shi ko ɓoyayyen sashen ne ya cinye sauran. Yawancin wannan giɓi lissafi ne kawai. Masu ƙera rumbu suna ƙirga da dubu-dubu, Windows kuma yana ƙirga da 1024. Shi ya sa 256GB ke fitowa kimanin 238, 1TB kuma kimanin 931. Goge ɓoyayyen sashe ba zai dawo da wannan ba.

Tsohon tsari da sabon tsari

A da, laftof takan zo da faifan CD ko DVD a cikin kwalinta. Daga baya kamfanoni suka daina saka faifan, suka koma ajiye hoton a cikin rumbun. A zamanin Windows 7, wanda ya fito a 2009, wannan sashe babba ne, yakan kai gigabait goma zuwa ashirin, kuma kowane kamfani da tasa manhajar da ke buɗe shi.

Windows 8 da ya zo a 2012 ya shigo da hanyar wanke kwamfuta daga cikin Windows ɗin kansa. Da Windows 10 ya fito a Yulin 2015, sai aka sauya tsarin baki ɗaya. Yanzu ba dole sai da wancan babban hoto ba, Windows yana iya sake gina kansa daga fayilolin da ke cikin kwamfutar. Abin da ya rage a ɓoye shi ne ɗan ƙaramin sashe, daga wajen megabait 500 zuwa gigabait ɗaya, mai ɗauke da kayan gyara na gaggawa. Shi ne ke fito da shuɗin allon nan da kan bayyana idan kwamfuta ta kasa tashi. A 2020 aka ƙara wani zaɓin, wato a sauko da sabon Windows ta intanet a lokacin wankewar.

Saboda haka idan mutum biyu na gardama a kan ɓoyayyen sashe, sau da yawa ba abu ɗaya suke nufi ba. Mai tsohuwar laftof yana maganar babban hoton kamfani, mai sabuwa kuma yana maganar ƙaramin ɗakin kayan gyara. Ƙanƙantar ɗakin nan ma ta taɓa jawo matsala. A Janairun 2024 wani sabuntawar tsaro na Windows 10 ya ƙi hawa kwamfutoci da yawa a duniya, saboda yana buƙatar sararin megabait 250 a wannan sashe, su kuma ba su da shi.

Aiki uku da muke kira da suna ɗaya

A bakinmu komai fomat ne, alhali ayyuka uku ne mabambanta.

Akwai wankewar da Windows ke yi wa kansa, wadda aka rubuta Reset this PC. Tana tambayar ka ko a bar maka fayilolinka ko a kwashe komai. Idan ka zaɓi a bar su, takardu da hotuna za su tsira, amma duk manhajar da ka ɗora da hannunka za ta tafi, ko Office ce, ko CorelDRAW ta mai shagon buga kati, ko SPSS ta ɗalibin da ke lissafin bincikensa. Windows yakan bar maka jerin sunayen abin da ya cire a kan fuskar kwamfutar don ka san me za ka sake nema.

Akwai kuma mayarwa daga hoton kamfani. Wannan ba ta da sassauci. Tana share sashen C ta shimfiɗa hoton ranar farko a kai, a wasu kwamfutocin ma tana sake yanka rumbun gaba ɗaya, D ma ya tafi.

Na ukun shi ne wanda aka fi yi a shagunanmu. Mai gyara ya soka filas ɗinsa, ya tayar da kwamfutar daga kansa, allo ya nuna masa jerin sassan rumbun, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana gogewa har rumbun ya zama fili guda, sannan ya ɗora nasa Windows ɗin. A nan ne hoton kamfani ke salwanta, kuma idan ya tafi ya tafi ke nan.

Abin da ya sami 'yar ƙanwata

Ban fara ɗaukar wannan magana da zafi ba sai da ta shigo gidanmu. 'Yar ƙanwata tana shekarar ƙarshe a makaranta, tana tsakiyar rubuta firojet, laftof ɗinta ta soma nauyi, sai ta yi minti biyar kafin ta buɗe takarda. Wata ƙawarta ta ce ta kai a yi mata fomat. Da yamma ta kira ni, muryarta na rawa.

"Kawu, komi ya tahi. Babi huɗu, ba ko ɗaya."

Ta ɗauka tunda a D ta ajiye aikinta, ba abin da zai taɓa shi. Washegari muka koma shagon tare. Yaron matashi ne mai ladabi, ba mugu ba. Na ce masa, "Injiniya, mi anka yi wa kwamfutar ga?" Ya ce, "Wallahi Malam, cewa ta yi ta yi nauyi, shi ne munka goge duka munka sa mata sabon Windo. Ba ta ce mani akwai abu ciki ba." Ita ba ta faɗa ba, shi bai tambaya ba.

Babi na ɗaya da na biyu mun same su a imel ɗin da ta taɓa tura wa malamin da ke duba aikin. Na uku ta sake rubutawa daga littafinta. Na huɗu shi ya fi cin rai, don sai da ta zauna da tarin takardun tambayoyin da ta raba wa mutane, ta sake shigar da amsoshin ɗaya bayan ɗaya, dare da rana, kusan mako uku. Abin da ya fi ƙona min zuciya shi ne bayan kwana kaɗan nauyin ya dawo. Da aka kwance bayan laftof ɗin a gabana, sai ga ƙura ta dunƙule a bakin fanka kamar audugar katifa, har sai da aka sa ɗan tsinke aka zaro ta. Zafi ne ke sa na'urar ta rage gudu don kada ta ƙone. Ciwon bai taɓa zama a cikin Windows ba, kuma hoton kamfanin da ke cikinta ya tafi a banza tare da babin nan huɗu.

Ta ina ake shiga?

Idan Windows yana tashi, hanyar mai sauƙi ce. A Windows 10 ana shiga Settings, sai Update & Security, sai Recovery. A Windows 11 kuma Settings, sai System, sai Recovery. Ko kuma mutum ya riƙe maɓallin Shift ya danna Restart, kwamfutar za ta tashi a shuɗin allon kayan gyara, ya zaɓi Troubleshoot. Idan ba ta tashi kwata-kwata, Windows yakan kai kansa wannan allo bayan ya kasa tashi sau biyu zuwa uku a jere.

Ƙofar hoton kamfani kuwa a daƙiƙun farko na kunnawa take, lokacin da tambarin kamfanin ya bayyana, kafin Windows ya fara lodi. A HP, wadda ta fi yawa a hannun mutanenmu, F11 ake dannawa a kai a kai. A Acer, Alt tare da F10. Asus F9, Samsung F4. A Toshiba ana riƙe sifili ne sannan a kunna. Lenovo da yawa suna da wani ɗan maɓalli daban mai suna Novo, wani lokaci ɗan rami ne a gefe da sai an sa tsinke, kuma ana danna shi ne kwamfutar tana kashe. ThinkPad kuma F11. Tsofaffin Dell masu Windows 7 ta F8 ake bi, sababbin kuma F12 ke fito da jerin da ke ɗauke da manhajar gyaran kamfanin. A wasu kwamfutocin sai an haɗa da maɓallin Fn.

Wanda ya makara da daƙiƙa biyu zai ga Windows ya wuce abinsa. Ba lalacewa ba ce, a kashe a sake gwadawa.

Me ya sa na gwanjo ba sa amsawa?

A nan ne masu cewa ƙanzon kurege ne suke da hujja. Galibin laftof ɗin da ɗalibanmu ke riƙewa, daga Kalgo zuwa Aliero zuwa kwalejin Waziri Umaru, na hannu ne, waɗanda ake ce wa 'yan Landan. EliteBook, Latitude, ThinkPad, duk kayan ofisoshin Turai da Amurka ne da suka gama wa'adinsu. Irin waɗannan ofisoshi tun ranar da suka saya sukan share abin da kamfani ya sa su ɗora nasu tsarin. Idan za su rabu da su, sukan goge rumbun tas ko su cire shi ɗungurungum don kare sirrinsu. Dillali a Legas ko Kano ya saka wani rumbun, ya ɗora Windows daga filas. Kafin ta iso Birnin Kebbi ta bi hannu uku ko huɗu, ba sauran hoton kamfani a cikinta. Ka danna F11 har gobe, iyakarta ta kai ka ƙaramin ɗakin kayan gyara na Windows, ko ta yi shiru.

Haka ma wanda ya cire tsohon rumbu ya saka SSD don kwamfutarsa ta yi sauri. Shawara ce mai kyau, amma hoton yana cikin tsohon rumbun da aka cire, sai fa idan an kwafe rumbun gaba ɗaya da dukkan sassansa.

Wani lokaci kuma hoton yana nan, amma sai ya zo da abin mamaki. Laftof ɗin da aka fara sayarwa a Jamus ko Faransa tana iya farkawa tana magana da Jamusanci ko Faransanci, domin haka take a ranar da ta bar kamfani.

Hujjar masu gyara, da inda na bambanta da su

Kada a ɗauka masu goge komai jahilci ne kawai ke sa su. Suna da dalilai, kuma wasu masu ƙarfi ne.

Na farko, hoton kamfani tsoho ne. Laftof ɗin da aka ƙera a 2011 za ta koma Windows 7, wanda aka daina kula da shi tun 14 ga Janairu 2020. Windows 8.1 ma an rufe babinsa a 10 ga Janairu 2023, kuma a farkon 2023 ɗin manhajar shiga intanet ta Chrome ta daina sabunta kanta a kan su biyun. Wanda zai shiga asusun bankinsa ko ya cike fom na makaranta da irin wannan kwamfuta ya bar ƙofarsa a buɗe. Na biyu, hoton yakan dawo da tarkacen manhajojin talla da na gwaji da kamfani ya cusa. Ba ƙaramin abu ba ne, don a 2015 an gano wata manhajar talla mai suna Superfish da ta zo a cikin wasu laftof ɗin Lenovo tana raunana tsaron masu shiga intanet. Na uku, lokaci. Mai shago da kwamfuta biyar ke jiran sa ya fi son hanyar da ya saba, wadda ya san ƙarshenta.

Duk na yarda. Ga tsohuwar kwamfuta, sabon Windows mai tsabta ya fi hoton shekara goma sha. Inda na tsaya shi ne a kan laftof ɗin da ba ta tsufa ba, musamman wadda aka saya sabuwa a kwali. Hoton da ke cikinta yana ɗauke da direbobin da aka yi domin ita. Sau nawa muka ga an dawo da kwamfuta daga gyara sauti ya ɗauke, ko maɓallin ƙara haske ya daina aiki, ko kyamara ta mutu ana gobe za a yi ganawa ta intanet? Sai an sake kashe data ana farautar abin da dama yana ciki.

Sai maganar lasisi, wadda ta fi damu na. A zamanin Windows 7 lambar lasisi tana kan wata 'yar takarda da aka manna a ƙarƙashin laftof. Daga Windows 8 zuwa yau, ana dasa lambar ne a jikin kayan cikin na'urar kanta. Ma'ana laftof da yawa, har da na gwanjo, suna da halastaccen lasisinsu a jikinsu, kuma idan aka ɗora nau'in Windows da ya dace da shi, da kansa zai kunnu da zarar an hau intanet. Amma sai a ɗora nau'in Pro a kan na'ura mai lasisin nau'in Home, ya ƙi kunnuwa, a kawo wata manhajar fasa ƙwauri a tursasa shi, har a kashe manhajar tsaro don ta samu wucewa. An karɓi mutum da halalinsa an mayar da shi mai amfani da na sata, an kuma buɗe wa ƙwayoyin cuta hanya. Wannan ba gyara ba ne.

Ciwon da wankewa ba ta warkarwa

Mayar da kwamfuta yadda take a farko yana maganin abin da ya shafi manhaja, kamar Windows da ya rikice, tarkacen da suka taru, da yawancin ƙwayoyin cuta. Ba ya taɓa ƙarfe. Fankar da ƙurar hunturu ta toshe, batirin da ya mutu, ƙwaƙwalwar aiki ta 4GB da ta yi wa manhajojin yau kaɗan, duk suna nan yadda suke. A garin da zafi ke haura digiri 40 a watannin Maris zuwa Mayu, kafin a zargi Windows a fara taɓa ƙasan laftof ɗin a ji.

Idan kuwa rumbun ne ke mutuwa, yana ƙara ƙas-ƙas ko fayiloli na ɓacewa, wankewa na iya zama abin da zai ƙarasa shi, don aiki ne mai nauyi a kansa. Kuma hoton kamfanin a cikin wannan rumbun yake, tare za su tafi. A irin wannan hali a kwashe abin da za a iya kwashewa tukuna.

Wankewa ba ta cire kalmar sirrin da aka sa a BIOS, tsarin da ke fara tayar da na'urar, wato wadda ake tambaya tun kafin Windows ya fara tashi. Ba ta kuma mayar da Windows 10 ya zama 11, ko da yake na ji masu wannan zato tun watan Oktoban 2025. Windows 11, wanda ya fito a Oktoban 2021, yana da sharuɗɗansa, ciki har da na'urar tsaro ta TPM 2.0 da injin Intel daga zubi na takwas zuwa sama, in ban da 'yan kaɗan. Na gwanjo da yawa ba su kai ba. Windows 10 bai daina aiki ba, sabuntawar tsaro ce aka tsayar, kuma Microsoft ya buɗe wani shirin ƙarin wa'adi zuwa 13 ga Oktoba 2026 ga wanda ya yi rajista.

Kafin a danna

Abu na farko shi ne kwashe kaya, kuma a kwashe su zuwa wajen kwamfutar, ba daga C zuwa D ba. Filas, rumbun waje, Google Drive, ko mutum ya tura wa kansa ta imel. Bayan an kwafa a soka filas ɗin a wata kwamfutar a buɗe fayil biyu-uku a tabbatar suna buɗuwa. A tuna da abubuwan da ba a gani a folda, irin kalmomin sirrin da Chrome ke riƙe wa mutum shekara da shekaru har ya manta su. Ko da zaɓin barin fayiloli za a ɗauka, a kwashe.

Na biyu wuta. Aikin yakan ɗauki daga ƙasa da awa ɗaya zuwa awoyi da yawa, kwamfutar tana mutuwa tana tashi da kanta, wani lokaci lambar ta tsaya wuri ɗaya kamar ta maƙale. Idan aka ɗauke wuta a tsakiya kuma batiri ba ya riƙewa, ana iya tashi da kwamfutar da ba tsohon Windows ba sabo. Mu da muka san halin wutarmu, kada a fara sai inda akwai sola ko inbata ko janareta mai isasshen mai, caja a jone tun daga farko har ƙarshe. Kuma a yi haƙuri, kada a danne maɓallin kashewa don an ga ta daɗe.

Na uku data. Saukowa da Windows ta intanet yana cin kimanin 4GB, ban da sabuntawar da za ta biyo baya. Amfaninsa shi ne yana aiki ko da fayilolin cikin kwamfutar sun lalace. Idan ba su lalace ba, zaɓin cikin gida ya wadatar.

Akwai kuma wani abu da mutane kaɗan suka sani. Sababbin laftof da yawa suna kulle rumbunsu da tsarin BitLocker ba tare da mai su ya lura ba. A wajen gyara tana iya tsayawa ta nemi wata lamba mai alƙaluma 48. Lambar takan kasance a asusun Microsoft da aka fara shiga kwamfutar da shi. Idan yaron shago ne ya buɗe maka asusun ranar da ka saya, kai ba ka san imel ɗin ba balle kalmar sirrinsa, to ka nemo su yau tun kwamfutar na lafiya. Ba tare da lambar ba, ba mai iya fito da abin da ke ciki.

Wanda kwamfutarsa ke lafiya yanzu yana iya fitar da irin shukar nan, wato kayan sake gina Windows, daga rumbu ya adana a waje. A rubuta Recovery Drive a wurin bincike na Windows, a soka filas mai aƙalla 16GB wanda ba komai a cikinsa, don za a share shi. Idan ya gama a rubuta sunan laftof ɗin a jikinsa, a ajiye shi inda ake ajiye takardun makaranta, kada ya koma filas ɗin kai aiki wurin buga takardu.

Mai sayarwa da mai saye

Goge fayil ba ya nufin ya bar rumbun. A tsohon samfuri mai faifai, sunansa kawai ake cirewa daga rajista, shi kuwa yana kwance har sai wani abu ya hau kansa, kuma akwai manhajoji na kyauta da ke tono shi. Wanda zai sayar da laftof ko ya bayar da ita kyauta, ya tuna da hotunan iyalinsa, da hoton katin ɗan ƙasa, da takardun banki. Ya zaɓi a kwashe komai, sannan ya shiga ƙarin saitin ya kunna zaɓin goge bayanai ƙwarai, wanda aka rubuta Clean data, ya kuma zaɓi dukkan sassan rumbun ba C kaɗai ba. Zai ɗauki awoyi, a bar shi ya gama. Ofisoshi da makarantu da asibitocin da ke gwanjon tsofaffin kwamfutoci nauyin ya fi hawa kansu, don bayanan jama'a ne a ciki, kuma tun Yunin 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane.

Mai saye kuma yana da nasa tarkon. Wasu laftof ɗin ofisoshin waje suna zuwa har yanzu da rajistar ma'aikatar da ta mallake su a tsarin Microsoft. A shago za ka gan ta tana aiki lafiya lau. Ranar da ka wanke ta ta hau intanet, sai allo ya fito da sunan wani kamfani na Ingila ko Amurka yana neman imel ɗin ma'aikacinsa. Wannan rajista ba a cikin rumbu take ba, tana ɗaure ne da lambar na'urar, kuma wancan kamfanin ne ke da ikon cire ta.

Saboda haka a gwada tun a gaban mai shago. A duba Disk Management a ga sassan da ke ciki, a shiga BIOS a tabbatar ba kalmar sirri, a duba ko Windows ɗin a kunne yake da halastaccen lasisi. Idan da hali, a nemi ya wanke ta a nan, a haɗa ta da intanet ɗin waya lokacin da take saitin farko, a karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikinta. Idan sunan wani kamfani ya bayyana a allon, a miƙa masa kayansa a ce ya kawo wata.